Allurar da Ba Ta Tashi

Daga Tudun Wada zuwa asibitin Shika,
kullum bayan asuba,
motar da Baba ya bari ce ke kai ni aiki.
Allurar zafi tana kwance can ƙasa.
Ko Kwangila ta cushe, ko rana ta take,
ba ta ɗaga kai.
Ni kuwa har yabonta nake yi:
mota mai sanyin hali, kamar mai ita.

Sai mai ya fara tafiya kamar ana kwasa da ludayi.
Wanda ke kai ni Alhamis
ya koma ƙarewa Talata.
Salansa na tofar da baƙi.
Ranar da ruwan Agusta ya rufe gilashi
na kunna hita,
ta hura mini sanyi a ƙafa.

Na kai ta wurin Tanimu a Muciya.
Bai taɓa sifana ba.
Ya ce, "Sista, bari ta huce tukuna.
Ilu, ba ta benci."

Da ta huce ya kwance fulogi ɗaya,
baƙi ƙirin, gindin tukunya.
Ya zaro sandar baƙin mai, ya kai hanci:
warin fetur.
"Tayar."
Ina murɗa makulli fanka ta ɗauka, fuuu.
Ya dubi yaronsa.
"Ka ji? Wani ya haɗa ta kai tsaye.
Inji bai ce yana gumi ba,
an hau yi masa fifita."

Ya ɗora tafinsa kan tiyon lagireto na sama
ya yi shiru,
yadda nake ɗora nawa a goshin majinyaci.
"In da ƙofa a ciki, tiyon nan zai zauna da sanyinsa,
can sai zafi ya zo masa gaba ɗaya.
Wannan tun yanzu ɗumi-ɗumi,
shayin da aka manta.
Ruwa na yawo ba mai gadi."

Na ce ko allurar ce ke ƙarya.
Ya ce, "Tana iyawa.
Amma ba ta haɗa baki da hannuna ba."

Noti biyu kawai.
Ya ɗaga murfin, ya nuna mini: fayau.
"An cire tamosta.
Mota ta tafasa sau ɗaya,
sai a tsige shi a ce ƙasarmu zafi gare ta.
Alhali ƙarfe ma da zafin da yake aiki da shi.
In bai kai ba, cin kansa yake yi,
a hankali, ba kuka."

Ban ce komai ba.
Na san uwar da ke cewa
jikin jaririnta sanyi ƙalau, babu zazzaɓi,
mu kuwa mu zabura a guje.
Na san makon ƙarshe na Baba,
da na riƙe hannunsa na ji sanyi,
ni da shekara goma sha ɗaya a farin kaya,
na ce alhamdulillahi, zazzaɓi ya sauka.

Ilu na lalube a aljihun gaba neman fis
ya ci karo da ƙunshin leda.
Ɗan ƙarfe ne mai murɗaɗɗiyar waya,
da guntuwar takarda, rubutun Baba mai karkata:
Na mota ne. Kada a yar.

Tanimu ya aika a karɓo tafasasshen ruwa wurin mai shayi,
ya jefa shi cikin gwangwani.
Mu uku muka sunkuya.
Ƙarfen ya buɗe baki sannu-sannu.
"Lafiyarsa lau," in ji shi.
"Ba shi ya yi laifin ba."

La'asar sakaliya na kamo hanyar gida.
Kafin in wuce PZ allura ta motsa,
ta tashi, ta ci gaba da tashi,
gabana na faɗuwa, ƙafata na neman birki.
Ta kai tsakiya
ta tsaya.

Har Agoro ina satar kallonta.